Yayana da Dokin Injin Rake

Ni ne na kori yayana daga aikinsa. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da zai biyo baya ya ɗauka ni mutumin kirki ne tun asali. Ina da zuciya, kowa a ƙauyenmu ya san haka, har yau da furfura ta gama cinye kaina jikokina sai sun leƙo fuskata kafin su shigo ɗaki. A lokacin da nake magana kuwa, shekara biyu ko uku bayan an samu 'yancin kai, ban cika talatin ba, Baba bai daɗe da rasuwa ba, injin rakenmu ya dawo hannuna, ina ji da kaina kamar ba a taɓa yin mai injin ba sai ni.

Ƙauyenmu yana gefen Taba, a ƙasar Kudan, a bakin wata fadama da rake yake so. Da an gama girbin dawa sai a shiga yankan rake, daga nan har zafi ya kankama ba mu da wani aiki sai mazarƙwaila. Injin da ake matse raken wasu mulmulallun ƙarafa ne guda uku a tsaye, kowanne kamar ƙaramin turmi, an kafe su a ƙasa, an gicciya musu dogon itace a ka, an ɗaura doki a ƙarshen itacen. Doki yana zagayawa, ƙarafan suna juyawa, mutum ɗaya yana tsugune yana tura rake a bakinsu, ruwan yana zuba cikin garwa. Daga nan a juye shi a babban kasko, a dafa, a yi ta kwashe kumfa, in ya yi kauri a zuba a ƙananan tasoshi ya daskare. Ranar kasuwar Makarfi a labta wa jakuna.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, hannun mai tura rake amana ne a wurin mai kora doki. Injin ba ya bambanta rake da yatsa. In ya kama, babu wata dabara sai a tsayar da doki nan take a mayar da shi baya. A sauran injinan fadamar duk wanda aka samu shi ake ba korar doki, amma a namu mutum ɗaya ne yake yi tun ina goye, shi ne Yaya, wanda ya ba ni shekara goma sha takwas.

Allah ya halicci Yaya daban da mu. Gajere ne kakkaura, fuskarsa a baje, idanunsa ƙanana a ɗan karkace, yatsunsa gajeru, harshensa ya yi wa bakinsa yawa, don haka sai wanda ya saba da shi yake gane maganarsa. Yanzu na ji a rediyo ana kiran abin galahanga. A wancan lokacin ba mu da wani suna sai munanan da mutane kan faɗa in sun ga ba ma kusa. Bai yi tafiya ba sai da ya shekara huɗu. Karatunsa ya tsaya a Fatiha da Ƙulhuwallahu, amma su biyun ya riƙe su gam, a sahun farko yake salla. Shi ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "yaron nan". Garin duka ya ɗauka daga bakinta. Mutum yana da gemu ana ce masa yaron nan. Ni ma da nake ce masa Yaya, a baki ne kawai, ban taɓa durƙusa masa da safe ba kamar yadda ƙane ke yi wa wansa, kuma babu wanda ya taɓa ce mini na yi laifi.

Baba ne ya ba shi doki, kuma ban san abin da Baba ya gani ba, amma ya gani daidai. Yaya bai taɓa riƙe bulala ba. Hannunsa na hagu yana kan itacen, yana tafe a gefen doki, yana wani gunaguni can cikin maƙogwaro wanda ba waƙa ba ne ba kuma magana ba, kunnensa kuwa yana wurin injin. Ya san kukan ƙarafan in sun ci rake mai kauri, ya san kukansu in babu komai a bakinsu, ya san kukansu in wani abin da ba rake ba ya shiga. Dawakai uku suka tsufa a hannunsa. Na ƙarshen wani bidi ne mai ƙyuya, wanda in wani ne ya kama linzaminsa sai ya tsaya yana kallon daji.

Ina da shekara goma sha biyar Baba ya fara bari na tura rake. Wata rana na zo da riga mai dogon hannu, don akwai 'yan matan da kan zo sayen ruwan rake da hantsi, ina so a gan ni. An kuwa gan ni. Bakin hannun rigar ya bi rake ya shige, na ji an fizge ni gaba. Kafin in buɗe baki in yi ihu doki ya tsaya cik, Yaya ya dafa ƙirjin dokin ya mayar da shi baya taku biyu. A lokacin bayansa ne yake wajena, bai ga komai ba, ji ya yi. Rigar ta tafi, hannun ya tsira. Ya zo ya kama shi, ya taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Biyar." Sannan ya sakar mini ranƙwashi a tsakiyar kai ya koma bakin aikinsa. Da hannun nan nake rubuta wannan.

To, bayan rasuwar Baba abubuwa suka fara sauyawa, a hankali ƙwarai, yadda in ba waiwaye mutum ya yi ba ba zai ce ga ranar da aka fara ba. Yaya ya fara makara, shi da kan riga kowa isa fadama. Wata safiya ya ɗaura wa doki igiya a baibai, ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Wata rana ya sa takalmin fata ƙafa ɗaya ya fito. Ya kan tambaye ni, "Auta, Baba ya iso?" in ce masa Baba ya rasu, ya yi kuka kamar yanzu aka faɗa masa, jibi ya sake tambaya. Kansa ya yi fari, haƙoransa suka fara zubewa, tafiyarsa ta koma jan ƙafa. Duk wannan a gabana aka yi, amma ban ga tsufa ba. Ta yaya zan ga tsufa a jikin wanda ake ce wa yaron nan? Abin da na gani shi ne taurin kai. Na ce raina ni ya yi don Baba ba ya nan. Na yi ta yi masa tsawa a gaban mutane, shi kuma ya sunkuyar da kai yana murza gefen rigarsa.

Ranar da abin ya faru, ɗan kawuna ne yake tura rake, abokin wasana, tare muka tashi. Wani gungumen rake ya cushe a bakin ƙarafan, aka tsayar da doki, ya zura hannu yana zaƙulo shi. Wannan abu ne da ake yi sau goma a wuni, kuma a shekara ashirin da wani abu Yaya bai taɓa motsa doki ba sai mai tura rake ya ce a tafi. Ran nan babu wanda ya ce komai. Yaya ya yi gunaguninsa, doki ya ɗaga ƙafa. Ɗan kawuna ya ƙwalla ƙara, Yaya kuwa bai tsaya ba, tafiyarsa kawai yake yi. Ni na yi tsalle daga bakin kasko na rungume wuyan dokin. Kan yatsu biyu suka tafi.

Abin da na faɗa wa Yaya ran nan ba zan maimaita shi duka ba. Na kira shi da sunayen nan da mutane kan faɗa a bayan idonmu, ni da na sha fasa bakin wasu a kansu. Na fizge hannunsa daga kan itacen na ce, "Daga yau kada ka sake taka wurin nan. Na sallame ka." Ya dube ni, ya dubi jinin da ke ƙasa, ya ce, "Wa ya yanka kaza?" Ko da na ji haka zuciyata ba ta sauka ba, sai ma ƙaruwa da ta yi, na ɗauka rainin wayo ne.

Da na huce sai na yi wa abin kwaskwarima. Na ce ai hutu na ba shi, ya yi wa gida bauta ya isa. Na shimfiɗa masa buzun Baba a ƙofar zaure, inda dattawa ke zama, na sa matata ta riƙa aiko masa da fura da hantsi. Mutane suka ce Auta ya kyauta. A wurinmu iyakar girmamawa ke nan, a ce wa mutum zauna ka huta, kuma da zuciya ɗaya kowa ya yaba. Na sayi sabon doki mai ƙarfi, na ɗaure bidin a turke a bayan gida, ɗan kawuna da hannunsa a naɗe ya koma korar doki, wani maƙwabci ya karɓi turin rake. Aiki ya ci gaba, har ya fi da sauri.

Yaya bai iya zaman buzu ba. Kullum da safe sai ya miƙe ya kama hanyar fadama, a tare shi a dawo da shi. Ya daina gunaguninsa. Ya daina cinye tuwonsa, shi da kan sake miƙa kwano. A wata biyu ya rame, wandonsa ya riƙa zamewa, ya fara fitsari a inda yake zaune. Wasu suka ce aljanun fadama ne suka shafe shi, aka kawo turare, liman ya yi rubutu aka ba shi ya sha. Wata rana da azahar aka duba buzu babu kowa. Muka bazu neman sa, ni ina tafe ina zagin duk wanda na gamu da shi don bai gan shi ba. Sai bayan la'asar wata Bafulatana mai tallan nono ta riƙo hannunsa har ƙofar gida. A kan hanyar Makarfi ta same shi, yana zagaya wata tsamiya, hannunsa na hagu a ɗage. Ta ce ta daɗe a tsaye tana kallonsa kafin ya yarda ya biyo ta. Inna ta cika mata ƙwarya da gero, ta ƙi karɓa, ta ce ita ma tana da irinsa a rugarsu.

Ranar kasuwa na ɗora shi a jaki na kai shi ɗakin shan magani na Makarfi. Malamin asibitin wani Kirista ne daga kudancin Zariya, dogo, mai sanyin magana. Da muka shiga ya tashi daga kujerarsa ya ɗan rusuna ya ce wa Yaya, "Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

Na yi dariya na ce, "Malam, ai ba babana ba ne. Yayana ne, yaro ne."

Ya dube ni ya ce, "Yaro? Shekararsa nawa?"

Na yi lissafi a raina na ce arba'in da biyar ko da shida. Da na faɗa da bakina sai na juya na dubi Yaya, kuma wallahi ranar na fara ganinsa. Tsoho ne zaune a kan benci, kumatu sun faɗa, wuya ya yi tamoji. Ya fi Inna alamar tsufa.

Malamin ya duba idanunsa, ya saurari ƙirjinsa, ya tambaye shi sunan garinsu, Yaya ya yi murmushi bai amsa ba. Ya sa na ba shi labari tun daga igiyar da aka ɗaura a baibai har zuwa tsamiya. Sannan ya ce, "A asibitin mishan inda na koyi aiki na ga masu irin halittarsa guda biyu da suka kai wannan shekarun, duk haka suka yi. Tsufa yana riskarsu da wuri, ya fi kama kai. Ruɗewar da ka sani a wurin tsoho tukuf, ita ce ta same shi tun yanzu. Ba taurin kai ba ne, ba kuma raini ba. Ba ni da allurarta, kuma ba zan ɓoye maka ba, gaba za ta yi ta yi."

Na ce, "To me zan yi masa?"

Ya ce, "Me ya fi sabawa da yi?"

Na ce korar doki.

Ya ce, "Har yanzu yana yi?"

Na ce a'a. Bai matsa mini ba. Ya ce dai a lura, irin waɗannan sukan manta sunaye da fuskokin mutane, amma abin da jikinsu ya shekara yana yi yakan daɗe bai tafi ba, in aka raba su da shi kuma sai su zube da sauri. Ya ba mu maganin ƙarin jini, ya raka mu har bakin ƙofa, ya taimaka mini na ɗora Yaya a jaki. Ban sake ganin mutumin nan ba, na ji an mayar da shi Ikara, amma ban taɓa daina yi masa fatan alheri ba.

A gida na zayyana wa Inna komai. Tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Tun bara na ga yana dafa gwiwa in zai tashi, kamar yadda ubanku ya yi a ƙarshe. Amma da wane baki zan ce ɗana ya riga ni tsufa?" Ta share ido da gefen zane. Ta ce, "Auta, kai ka karɓe masa, kai za ka mayar masa. Yadda za ka yi kuwa ban sani ba."

Ni ma ban sani ba. Ba zan mayar da shi babban injin ba, don hannun mutane ba nawa ba ne. Ɗan kawuna ne ya tuna mini da tsohon injin Baba, wanda ƙarfensa ɗaya ya tsage aka jingine shi a bayan rumbu. Na ji kunyar a ce shi ne mai kawo shawarar, na ce masa, "Kai da ya yi wa wannan?" Ya ɗaga hannunsa mai dungulmi biyu ya ce, "Wannan ai ya rage mini wahalar yankan farce. Tashi mu ɗauko ƙarfen nan, sarkin zuciya." Mu biyu da maƙwabta uku muka kinkime shi zuwa fadama, muka kafe shi a gefe, inda hayaƙin kasko da ƙamshin mazarƙwaila suke isa. Dabararmu ita ce a bar shi ya yi ta juya injin babu komai a ciki. Doki ya zagaya, Yaya ya zagaya, babu hannun kowa a kusa. Na ji daɗin wayona ƙwarai.

Washegari da safe na kamo bidin, na kamo hannun Yaya, muka gangara. Tun daga nesa da ya ji kukan babban injin ya fara sauri. Na ɗaura dokin, na ɗora hannunsa a kan itacen. Sai na ga bayansa ya miƙe. Gunagunin nan da muka yi wata uku ba mu ji ba ya fito, bidi ya kaɗa kunne ya ɗaga ƙafa. Masu aiki suka bar abin da suke yi suna kallo. Ya yi zagaye ɗaya, ya shiga na biyu, sai ya tsayar da doki. Ya karkata kai yana saurare. Ya ce, "Babu rake."

Na ce, "Ci gaba dai, Yaya, ana kawowa."

Ya sake yin rabin zagaye ya tsaya. Ya dube ni da ƙananan idanun nan nasa ya ce, "Wasa kuke." Ya sauke hannunsa daga kan itacen, ya je gindin wani tarin rake ya zauna, ya sunkuyar da kai.

Kunya ta rufe ni. Mutumin da bai san sunan garinsu ba ya san an mayar da shi abin wasa. Kowa a wurin ya gane abin da ya rage: in ana so Yaya ya kora doki, sai wani ya tsuguna a bakin ƙarafan ya tura rake, alhali mai korar ba ya jin a tsaya. Ba wanda zan iya roƙo ya yi wannan, ba kuma wanda ya ce zai yi. Na tuɓe rigata na rataye. Na zaɓi rake mafi tsawo a tarin, na tsuguna, na ce, "Yaya, ga rake. A tafi."

Tsoro na ji, ba zan yi ƙarya ba. Ya tashi ya dawo ya dafa itacen. Ƙarafan suka kama raken suka yi kukan da ya sani, ruwa ya fara ɗiga a garwa, sai na ji gunagunin ya ƙara ƙarfi. Na riƙe raken daga can ƙarshe, saura kamu ɗaya na sake shi, na ɗauki wani. Haka muka yi har rana ta ɗaga. Injin tsagagge ne, rabin ruwan a ƙasa yake zuba, abin da muka samu bai cika garwa ba. Na ɗauka na juye a babban kasko a gaban idonsa, tare da na kowa. Ran nan ya cinye tuwonsa ya miƙa kwano.

Daga nan ya zama ƙa'ida. Ni kaɗai ke tura wa Yaya rake, ba riga a jikina, dogon rake kawai, in ya cushe kuma ba mai taɓawa sai an kwance doki. Kullum da safe awa ɗaya ko biyu, sannan in koma babban injin. Matata takan bi ni da ido in zan fita, in na dawo ta fara duban hannuna kafin fuskata, amma ba ta taɓa ce mini kada in je ba. Sau biyu ya motsa doki ba a ce masa ba, duka biyun hannuna yana nesa.

Da damina ta faɗi aka rufe injina sai hankalina ya tashi, don ba a matsar rake a lokacin. A nan ne mutanen ƙauyenmu suka yi mini abin da ba zan manta ba. Ban roƙi kowa ba. Sai dai in fito da safe in tarar da ɗaurin ɗanyen rake a ƙofar zaure, wani ya shiga gonarsa ya sare wanda bai ƙosa ba, abin da manomi ba ya yi. Da takanɗa ta yi, aka riƙa kawo ta. Masu wucewa gona kuma suka ɗauki wata sabuwar al'ada, ban san wanda ya fara ba: sai su ratse, su cire takalmi, su durƙusa a gefen da'irar su ce, "Baba, sannu da aiki." Yaya yana tafe yana cewa, "Yawwa, yawwa." Ni ma a lokacin na fara durƙusa masa da safe, ina da 'ya'ya uku.

Ruɗewar ba ta tsaya ba, kamar yadda malamin asibiti ya faɗa. A shekara ta biyu ya manta ɗaurin mazagi, ni nake yi masa wanka in sa masa kaya. Ƙulhuwallahu ta tafi, Fatiha ta rage ayar farko, ita yake ta maimaitawa har a sallame. Ya fara faɗuwa irin ta farfaɗiya jefi-jefi. Ya daina tambayar Baba. Ya daina ce mini Auta. Inna takan ba shi kunu a baki, yana kallonta da ladabi irin wanda ake yi wa baƙuwa, ita kuma ta koma ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Amma da an ɗora hannunsa a kan itacen sai ƙafafun su tafi. Bidin ma ya rage sauri, har ya zama ban san ko Yaya ne ke korarsa ko shi ne ke jan Yaya ba. In Yaya ya yi tuntuɓe dokin yakan tsaya ya jira shi.

Wajen ƙarshen matsar rake ta uku, wata safiya, muka gama na kwance doki, ina wanke hannu a bakin garwa. Sai na ga Yaya ya nufo ni yana jan ƙafa. Ya daɗe bai haɗa kalma uku ba. Ya zo gabana ya yi ta ƙoƙari har ya tsuguna, yadda ɗan ƙwadago ke tsugunawa a gaban mai gona. Na kama kafaɗarsa zan ɗaga shi, ya ƙi. Bai san ni ba, na ga haka a idonsa.

Ya ce, "Maigida, na yi daidai?"

Na ce, "Ka yi daidai."

Ya murza gefen rigarsa. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai tsoron amsar, "Gobe ma in zo?"

Ban san ko ranar da na sallame shi ce ta maƙale masa bayan komai ya tafi ba, ban kuma da wanda zan tambaya. Na durƙusa a gabansa a cikin caɓin ruwan rake, na riƙe hannuwansa biyu, na ce, "Ka zo, Yaya. Gobe da jibi da kullum. In ba ka zo ba babu mai yi mana." Ya gyaɗa kai, ya yi murmushi da bakinsa marar haƙori, ya ce, "To."

Ya zo washegari, ya zo jibi. Kwana tara ya ƙara yana zuwa, a na goma ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya kwanta, kafin ruwan farko Allah ya karɓi abinsa. Na yi kuka mai yawa, ni da ba a san ni da kuka ba. Amma abin da ya fi yawa a raina har yau godiya ce, da Allah ya bar masa baki har ya yi mini tambayar nan, ya kuma sa ni ne a gabansa na ba shi amsa.